Gurbin da Aka Bar wa Hansai

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan cinya. Labarin ba shi da tsawo, gardamarsa ce mai tsawo, kuma ku za ku yi ta. Wanda ya ji bai yarda ba, motar Haɗeja na nan a tasha, ya je ya tambayo.

A Haɗeja aka yi wata zabiya ana ce da ita Hansai. Kiɗan ƙwarya take yi, irin na mata a cikin gida, wanda ake cika baho da ruwa a kife ƙwarya a kai, 'yan amshi su zauna da sanduna suna bugawa suna amsawa, ita kuwa tana tsaye a tsakiya, mayafi ɗaure a ƙugu, tana zuba waƙa. A zamaninta, biki ko suna in babu Hansai, taron cin tuwo ne kawai. An ce idan ta ɗaga murya da la'asar, masunta a bakin kogi sai su naɗe koma su zauna, don kifin ma ya daina yawo yana sauraro. Wanda ya ba ni wannan labari masunci ne, kuma kun san masunta ba sa ƙari sai a kan girman kifi.

'Yan amshinta biyu ne, Kande da Yalwa. Tun suna 'yan mata suke tare. Hansai ba ta buƙatar ta waiwaya ta yi musu alama. Daga jan numfashinta suke sanin inda za ta sauka, su cafe.

'Ya'ya uku Allah ya bar mata, kuma kowannensu, ba da mugun nufi ba, ya ɗan gutsuri sana'ar uwarsa ya yi gaba.

Babban, Lawandi, shi ne ya taso yana ɗaukar mata baho zuwa gidajen biki. Da ya fara tasawa sai ya samo aron rikoda, ya ɓoye ta a ƙarƙashin faifai a wani biki, ya naɗi waƙar tun daga buɗewa har rufewa. Ya juya kaset ɗin ya yi ta sayarwa a tasha. Wata rana Hansai za ta wuce sai ta ji muryarta tana fitowa daga teburin mai shayi, ƙattin maza sun kewaye suna ta dariya a daidai baitin da take zagin miji marowaci. Ranar ba ta ci abinci ba. Ta ce da shi waƙar cikin gida ya kai wa 'yan tasha, kuma daga ranar ba ta sake yarda an kusanto ta da rikoda ba. Shi kuwa Lawandi da wannan kaset ya samu ƙafar tsayawa: ya buɗe shagon kaset a kasuwa, yana sayarwa yana gyaran rikoda, har ya yi aure ya yi tumbi. Sai faifan sidi ya zo ya rage masa tumbin. Sai memori ya zo, yara suka kafa lema a bakin titi da kwamfutar cinya, suna ɗura wa mutum waƙar da zai shekara yana ji a cikin abin da bai kai farce ba. Da kasuwa ta mutu murus, Lawandi ya kwashe kaset-kaset ɗinsa buhu-buhu ya sayar wa manoman shinkafa, su kuma suka zare zaren suka ɗaɗɗaura a gonaki, yana walƙiya yana kuka a iska, yana korar tsuntsayen jan-baki. Har da na uwarsa a ciki. Yanzu caja da gilashin waya yake sayarwa.

Na tsakiya, Nafi'u, shi ya gaji kunnenta. Ya tafi Kano ya koyo fiyano da kwamfuta, ya dawo ya buɗe sitidiyo a wani ɗaki da ya lulluɓe bangonsa da kiret ɗin ƙwai. Waƙar biki yake yi. Ka kawo sunan amarya da ango da safe, ka karɓi waƙarka da yamma. Kiɗan ɗaya ne, sunaye kawai ake sauyawa. Yana da na'urar gyaran murya wadda ko akuya ka kai masa za ta fito tana rera soyayya. Ƙwarya kuwa, tana nan a cikin maɓalli ɗaya na fiyano, ba ruwa, ba baho, ba tsohuwar da za a dafa wa shinkafa. Amare suka ga ai wannan ya fi sauƙi, dije mai sa kiɗa ya kawo lasifika ya saki waƙa, babu mai jiƙa musu tayil. Kiran biki ya ragu wa Hansai, ya ragu, har ya ɗauke. Kande ta rasu, Yalwa ta bi ta. Baho ya koma na wanki, ƙore suka koma na dama fura. Hansai ba ta taɓa yi wa Nafi'u gori ba. Iyaka dai, duk lokacin da aka saki waƙarsa a unguwa, sai ta ɗaga kai ta tambaya ko wa ya tada injin markaɗe da tsakar rana.

Auta, Luba, ta yi wayo bayan an daina kiɗan ƙwarya a gidan, ba ta taɓa jin uwarta tana waƙa ba. Turaren wuta da humra take sayarwa a Tiktok, kuma mabiyanta sun fi mutanen kasuwar Haɗeja ranar Lahadi. A wurinta waƙa wata 'yar guntuwa ce da ake ɗorawa a kan bidiyo a motsa baki a juya ido. Ba abin da ke wucewa a gidan nan ba ta ɗauka ba, har kazar maƙwabta ta san ta gyara tsayuwa in ta gan ta. Hansai takan leƙa ɗaki ta ce, Auta, in kin gama hira da tafin hannunki, ga tuwo can yana sanyi.

To, ana nan, wani hantsi Hansai tana tsintar shinkafa a tsakar gida sai faifai ya suɓuce mata, ta sulale. A asibiti aka ce ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Aka dawo da ita gida. Hankalinta na nan, yana zuwa yana komawa kamar wutar lantarki, amma harshe ya ƙi. Ta gwada neman ruwa, abin da ya fito daga bakinta ya yi kama da kukan ɗan maraƙi, kuma ta ga yadda Luba ta kau da kai tana share ido. Ita, Hansai, da aka taɓa yi wa shiru gari guda. Daga nan ta rufe baki. Ba ta sake gwadawa ba, kuma bakin da ya ƙi magana sai ya fara ƙin abinci. Da ƙyar ake lallaɓa ta ta karɓi cokalin koko. Tana kwance tana kallon rufin ɗaki, tana ramewa kamar sabulu a ruwa.

Likitar da ke duba ta ta kira 'ya'yan waje ta gaya musu gaskiya. Ta ce magani ya yi iyakar nasa, amma in tsohuwar nan ba ta buɗe baki ba, ba ta jin za ta ga kaka. Ta ƙara da cewa akan samu wanda magana ta ɗauke masa, waƙar da ya sani tun da can ta zame masa ƙofar dawowa, don waƙa da magana ba ɗaki ɗaya suke kwana a kan mutum ba. Su gwada.

Suka gwada. Luba ta kunna mata duk abin da ke cikin waya, Hansai ta runtse ido. Nafi'u ya kinkimo fiyano, ta runtse ido da ƙarfi. Aka gayyato tsofaffin unguwa waɗanda suka yi rawa a gabanta da, aka kife musu ƙwarya, sai ya zama kowacce rabin baiti take tunawa, kuma suka ɓige da musu a kan wace ce ta fi tunawa, har aka ba su goro aka sallame su. Aka gane dai sai waƙarta ita kanta, da 'yan amshinta, kuma sau ɗaya tak aka taɓa naɗar wannan a duniya. Ido ya koma kan Lawandi. Lawandi ya sunkuyar da kai. Washegari ya hau babur ya shiga fadama, gona-gona, ya tarar da zaren kaset ya koɗe a rana yana kaɗawa a kan kara. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya rasa wanne ne uwarsa.

Luba ce ta fara motsawa. Ta ɗaga waya za ta ɗauki fuskar uwarta, sai hannunta ya tsaya, ta sauke. Ta ɗauki hannun Hansai kawai a kan zane, da tsohuwar ƙwarya a kife kusa da shi. Sannan ta juyo da wayar kan fuskarta, ba hoda, ba kwalliyar waya, ta roƙi duk wanda kakarsa ko gwaggonsa ke da tsohon kaset na wata zabiyar Haɗeja mai suna Hansai, ya yi wa Allah ya neme ta. Mabiya suka yi ca. Wasu suka yi addu'a, wasu suka ce sabon salon tallan turare ne, wasu suka ce ashe haka fuskarta take. Wani ya turo wa'azi, wani ya turo waƙar 'yan dambe, wani ya ce yana da kaset ɗin amma sai ta aure shi. Luba ta ajiye ciniki, ta bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya tana amsawa, har babban yatsanta ya kumbura. Can sai ga saƙo daga wata yarinya a Agadas. Ta ce tana cikin kallon bidiyon sai kakarta ta ji sunan, ta ajiye carbi. Ashe daga Haɗeja aka kai ta aure, kuma kaset ɗin na cikin kayan ɗakinta, a ƙasan akwati, bai ga rikoda ba tun kafin a haifi uwar yarinyar. Amma tsohuwa ta ce ba za ta bayar ba, shi ne abin da ya rage mata na garinsu. Luba ba ta yi gardama ba. Kullum sai ta kira ta ta bidiyo, tana ce mata Kaka, ta bi da ita lungu-lungu na Haɗeja da waya a hannu, ta nuna mata gidan da aka haife ta, da rijiyar da aka cike, da tsamiyar da har yanzu ke tsaye. Ranar da ta nuna mata kabarin mahaifiyarta, tsohuwa ta yi kuka ta ƙoshi, ta sa aka saka kaset a gwangwanin madara aka cike da dabino, aka ba direba. Daga Agadas zuwa Damagaram, daga Damagaram zuwa Maigatari, hannu zuwa hannu, Luba na bin kowane direba da kira kamar mai bin amarya. Gwangwani ya iso. Dabinon dai bai iso duka ba.

Aka buɗe. Zafin Agadas ya lanƙwasa kwanson kaset, zaren ya manne da juna, ya tsinke a wurare, ga rairayi a ciki. Nafi'u ya juya shi ya ce kwamfutarsa ba ta cin irin wannan abinci. Lawandi ya miƙa hannu. Ya rufe shagon caja, ya shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, ya ɗora tabarau a kan hanci. Ya kwance kwanson a hankali, ya zura biro yana warware zaren kaɗan-kaɗan, yana goge shi da auduga, inda ya manne ya hura masa numfashi ya jira. Idonsa ba na da ba ne, kuma ya sani ja ɗaya na kuskure zai kashe muryar da babu irinta a ko'ina. Inda ya tsinke ya haɗa baki da baki ya liƙe da jan farcen da ya aro wurin Luba, wadda ta ce ba ta taɓa zaton Yaya zai nemi kayan kwalliyarta ba. Ya naɗe zaren a cikin sabon kwanso. Ya jawo rikodarsa ta ƙarshe daga ƙarƙashin gado, ya tarar bel ɗinta ya narke, ya yanko wani daga tsohon tif na keke, ya yanka ya sake yankawa har gudun ya daidaita. A duk ƙasar nan ba na jin akwai sauran mutum biyar da za su iya wannan aiki, kuma huɗun sun koma sayar da caja sun manta. Ya danna. Rikoda ta yi tari, ta yi shuu, sai ga ƙwarya.

Suka ɗauka da murna suka kai ɗakin Hansai, suka ajiye a kusa da kanta.

Hansai ta ji kiɗa. Tun bugun farko ta gane hannun Kande, mai gaggawa kamar wadda ta bar tukunya a wuta, da hannun Yalwa yana bin ta a baya yana lallashi. Sai muryoyinsu suka taso tare: ruwa ya kwanta, ƙwarya ta tashi. Ƙirjinta ya cika. Ba ta san lokacin da ta ja numfashi za ta ɗauka ba. Kafin ta ɗauka sai wata yarinya ta faɗo cikin waƙar, murya kamar sabuwar tasa, ta kama baiti tana juya shi yadda ta ga dama. Hansai ta saki numfashin. Ciwo da shekaru sun shiga tsakani, ba ta gane yarinyar ba. Abin da ta gane shi ne wata zabiya ta riga ta ɗauka, kuma ta iya, 'yar banza, ta iya ƙwarai. Ta jira ta sauke, yarinya ba ta da niyyar saukewa. Ga Kande da Yalwa suna amsa mata da zumuɗi, ko a jikinsu. Ashe sun samu wata. Hansai ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta juya fuska bango. Lawandi ya kashe rikoda. Ranar ko cokalin kokon ba ta karɓa ba.

Suka fito zaure suka zauna. Luba, da hali ba ya barin ta, ashe ta ɗauki abin a waya ba ta ma sani ba. Ta kunna don ta rasa abin yi, ta kalla, ta sake kalla, sai ta miƙa musu. Ta ce su dubi bakin Inna: duk sa'ad da amshi ya zo ƙarshe sai ya buɗe, da muryar kaset ta shigo sai ya rufe. Lawandi ya ƙura ido, ya dafe kai. Ya ce shi ne babban wawa a cikinsu, shi da ya ɗauki baho. Zabiya ba ta shiga waƙar zabiya. In wata ta ɗauka, sai ta sauke kafin ka buɗe baki, ko da kuwa 'yarka ce. Ya taɓa ganin Inna ta tsaya tun daga azahar har magariba a wani biki ba ta ce uffan ba, don wata baƙuwa ta riga ta ɗauka ta ƙi saukewa. Sun kawo mata 'yan amshinta, sun kuma kawo wadda ta tare mata wuri.

Nafi'u ya ce a ba shi kaset ɗin, zai cire Inna daga ciki.

“Ai ka daɗe da cire ta,” in ji Lawandi. “Wannan aikin ka gwanance a kai.”

“Na ji, Yaya. Ni dai ban sayar wa tsuntsaye da ita ba.”

Luba ta ce in sun gama, su tuna tsohuwar na jin su ta taga, kunnenta bai shanye ba. 

Nafi'u ya juye kaset a kwamfuta. Yana da wata na'ura mai raba murya da kiɗa, ya ba ta aikin yana taƙama. Na'ura ta san fiyano, ta san ganga, ba ta taɓa gamuwa da ƙwarya a kan ruwa ba. Ta kwashe Hansai, ta haɗa da Kande da Yalwa, ta bar masa wani abu kamar kwaɗi a rijiya. Sai ya koma da hannu da kunne. Lokacin biki ne, amare na layi a ƙofar sitidiyo, ya ce su yi haƙuri su nemi wani. Ya bi waƙar baiti-baiti, yana yanke muryar uwarsa, yana cike ƙasan gurbin da bugun ƙwarya da ya tsinto daga wuraren da ba a waƙa, yana ɗinkewa yadda kunne ba zai ji tabo ba. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin ya daidaita gaggawar Kande, maɓalli ɗaya ne, aikin da yake yi wa kowa kullum. Ya zauna a kan hannun. Ya bar guɗar da wata ta rangaɗa, ya bar jaririn da ke kuka a baya, ya bar ƙarar kwanon da ya faɗi. Kafin ya goge kowane baiti sai ya saurare shi har ya haddace inda take jan numfashi, kuma a nan ne ya gane cewa duk waƙoƙin da ya yi wa amaren Haɗeja, daga wannan bakin ya sato su bai sani ba. Yaron shagon kusa ya ce ya ga Injiniya na kuka, Nafi'u ya ce hayaƙin janareta ne. Da ya gama sai ya sake komawa ya ƙara wa kowane gurbi ɗan tsawo, don tsohuwa ta samu ta iso.

Bayan azahar suka shiga ɗakin. Lawandi ya tada ta zaune ya jingina ta da matashi. Nafi'u ya ajiye 'yar lasifika a ƙasa, daidai inda 'yan amshi kan zauna. Luba ta kife wayarta a kan tabarma ba wanda ya ce ta kife.

Hansai ta ji Kande, ta ji Yalwa. Ruwa ya kwanta, ƙwarya ta tashi. Ta ɗaure fuska tana jiran 'yar banzar nan ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Ƙwarya kawai ke tafiya, fili fetal, ba kowa. Amshi ya sake zuwa, ya sake barin fili.  Ina yarinyar ta shiga? Haka ake yi, a bar mata biyu suna amsa wa iska a gaban jama'a? Tun da take ba ta taɓa barin 'yan amshinta a rataye ba. Gurbi ya wuce, wani ya wuce, kunya ta ishe ta. Ta ja numfashi.

Abin da ya fara fitowa ba kalma ba ce, kuma ba wanda ya kau da kai. Kande da Yalwa suka cafe shi kamar sun ji baiti mafi daɗi a duniya. Ta sake ja, kalma ta fito a karkace. Suka cafe. Ta sake, baiti ya fito da ɗingishi amma ya kai gida. Rabin bakinta na waƙa, rabin na biye da shi a hankali, hannun hagu yana neman mayafi ya ɗaure ƙugu. Ta zagi miji marowaci, ta yabi mai tuwo da man shanu, hawaye na bin kuncin da ke motsi da wanda ba ya motsi. A tsakiyar wani gurbi ta karkata kai wajen lasifika ta yi magana, magana sosai, ta farko tun ranar da faifai ya faɗi.

“Kande, rage gudu.”

Lawandi ya fashe da dariya yana share hanci da hannun riga.

Waƙa ta yi nisa, ta wuce inda aka kashe rikoda rannan, sai amshi ya sauya. Kande da Yalwa suka ɗaga murya suna tambaya: wa ya kira ki, Hansai, wa ya kira ki fili? Nan ne wurin ambato. A nan zabiya kan faɗi sunan wanda ya kira ta, mai taro, kuma suna ɗaya ake faɗa, don taro ba ya da masu shi biyu; ka haɗa biyu ka wulaƙanta duka biyun. Wanda aka ambata a nan, waƙar ta zama tasa har bayan ransa.

Hansai ta ɗaga hannun hagu, Nafi'u ya tsayar da kiɗa. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tattaro kalmomi a hankali kamar mai tsintar shinkafa.

“Wa ya kira ni?”

Lawandi ya ce Auta ce. Luba ta ce Yaya Nafi'u ne. Nafi'u ya ce ai babba na zaune. Kowa ya faɗi nasa da ladabi, kuma kowa, in za a faɗi gaskiya, zuciyarsa na bugawa ya ji nasa. Lawandi ɗan fari ne, tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, saboda kunya irin ta iyaye, kuma a waƙa ne kaɗai za ta iya faɗarsa. Nafi'u so yake sau ɗaya ta ji abin da hannunsa ya yi ta kira shi kiɗa. Luba kuwa yau ta fara sanin wace ce ta haife ta.

Hansai ta ga ba za su taimake ta ba. Ta ce, da rabin murmushi, tun da abin haka ne a dama mata koko, mai kauri, ba wannan ruwan wankin da suke ba ta ba, in ta sha sai a sake tada ƙwarya. Luba ta ruga madafa har tana tuntuɓe da baho.

Ga ta can tana sha, cokali bayan cokali, ba mai lallashi. Da Luba ba ta zubar da kwalliya ta roƙi duniya ba, da kaset na ƙasan akwati a Agadas har yau. Da Lawandi bai zauna da biro da jan farce ba, da abin da ya iso gwangwanin dabino ne kawai. Da Nafi'u bai goge muryar uwarsa da hannunsa ya bar mata wuri ba, da kaset ɗin ne ma ya ƙarasa ta. Koko ya kusa ƙarewa, yatsan Nafi'u na kan maɓalli, Kande da Yalwa za su sake tambaya, kuma gurbin suna ɗaya yake ci.

To, ku da kuka iya gardama, sunan wa ya kamata Hansai ta ambata?